Fitsarin Jini Ba Alamar Balaga Ba Ne

A ƙauyukanmu na bakin ruwa, idan yaro ɗan shekara 12 ya zo wa mahaifinsa a firgice cewa ya ga ɗigon jini a ƙarshen fitsarinsa, amsar da yakan samu ita ce: "Kwantar da hankalinka, girma ne ya zo. Ni ma na yi, kakanka ma ya yi." Wasu kuma su ce zafin rana ne ya taɓa shi, a ba shi jiƙo ya sha, zai wuce. Uban da ya faɗi haka ba rashin kula da ɗansa ne ya sa shi ba. Abin da idonsa ya gani yake faɗi, kuma dole a ba shi haƙƙinsa: tsargiya, cutar da ke kawo wannan fitsarin jini, ta fi kama yara tsakanin shekara 10 zuwa 15, daidai lokacin da murya ke buɗewa, a wasu garuruwan da wuya ka sami sa'an yaron da bai yi ba, idan an girma kuma jinin yakan ragu ko ya ɗauke. Duk wanda ya haɗa waɗannan ukun zai iya cewa ai hanya ce da kowane namiji ke bi.

To amma ruwa ba ya tsami banza. Me ya sa yaron da ya tashi a gidan da ake wanka da ruwan rijiya ko na famfo yake balaga lafiya ƙalau bai taɓa ganin jini ba? Me ya sa ake samun masunta da manoman rani masu furfura suna fama da shi, haka ma yara 'yan shekara 5? Ba shekaru ne suka haɗa waɗannan mutane ba. Ruwan da suke shiga ne ya haɗa su.

Tun a 1851 wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano tsutsar da ke kawo cutar yayin da yake aiki a asibiti a Alƙahira. Yadda take yawo kuwa abu ne da ya kamata kowane uba ya sani. Mai tsargiya ya yi fitsari a rafi ko kududdufi, ƙwayayen tsutsar su biyo fitsarin su ƙyanƙyashe a ruwa. Abin da ya fito ya nemi wani ɗan ƙaramin dodon koɗi, wanda bai fi kan ɗan yatsa ba, irin wanda ke maƙale a ƙarƙashin ganyen kainuwa da gindin kacala. A cikinsa zai hayayyafa na wasu makonni, sannan dubban 'ya'yan tsutsa da ido ba ya gani su fantsamo cikin ruwa, galibi da tsakar rana, lokacin da yara suka fi yin tsalle cikin ruwa don su huce. Ba sai an sha ruwan ba. Ta fata suke shiga cikin 'yan mintoci, yaro ya ɗan ji ƙaiƙayi ya sosa ya manta. Daga nan su bi jini su girma, su tare a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara, su yi shekaru suna zuba ƙwai kullum. Kowane ƙwai yana da 'yar ƙaya a ƙarshensa, kuma sai ya ratsa bangon mafitsara kafin ya fita. Jinin da yaron ke gani na wannan rauni ne.

Hujjar da ta fi ƙarfi a bakin dattawa ita ce, "Ai mu ma mun yi, ga mu nan da ranmu." A nan ne na fi jin tsoro. Ɗaukewar jini ba warkewa ba ce. Ƙwayayen da ba su sami fita ba suna maƙalewa a cikin nama, wurin ya kumbura ya yi tabo ya ƙandare, kamar yadda gara ke cin azara daga ciki alhali ɗakin na tsaye. Bayan shekaru sai hanyar fitsari ta tsuke, ƙoda ta kumbura, a rasa daga ina abin ya faro. Cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan tsutsa cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankarar mafitsara tun 1994. Kafin a kai can ma, yaron da ke zubar da jini kullum yana rama, yana gyangyaɗi a aji, ana ce masa malalaci.

Addini ma bai goyi bayan wannan fahimta ba. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu sun lissafa alamomin balaga: mafarki, tsirowar gashin mara, haila, ɗaukar ciki, ko cika shekara 18. Babu fitsarin jini a ciki. Abin da ke akwai shi ne hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya hana yin fitsari a ruwan da ke tsaye ba ya gudu. Da mun riƙe wannan hani da kyau, da mun datse wa tsutsar babbar hanyarta.

Akwai kuma waɗanda wannan magana ta "balagar maza" ta ɓoye gaba ɗaya: 'yan mata da matan aure masu wanki da wanke-wanke a rafi. Ƙwan tsutsar yana zama a mahaifa da al'aura, ya kawo ciwon mara, zubar jini da jin zafi wurin saduwa, wani lokaci har rashin haihuwa. Mace nawa aka yi wa zargin ciwon sanyi, ko aka yi wa kishiya don ba ta haihu ba, alhali ruwan gari ne ya cuce ta?

Nijeriya na sahun gaba a duniya wajen yawan masu tsargiya. Madatsun ruwa irin su Tiga da aka kammala a 1974 da Bakolori a 1978 sun kawo albarkar shinkafa da tumatir da alkama, ba mai musun haka, amma magudanan noman rani masu tafiyar hawainiya gida ne ga dodon koɗi. Haka abin yake a gonakin shinkafa na bakin Kogin Kwara a yankin Tilaberi na Nijar. Ba za a ce wa manomi ya bar gonarsa ba. Za a ce ya sa takalmin roba, a riƙa share ciyawar magudana, a haƙa masai nesa da ruwa. Ruwan rafin da aka ɗebo don wanka, idan ya kwana biyu a randa, 'ya'yan tsutsar sun mutu.

Maganin kuwa yana nan, sunansa firazikwantel, kuma kyauta ake raba shi a makarantu. Ma'aikacin lafiya zai tsayar da yaro jikin wata sanda mai zane-zane, tsawonsa ya nuna ƙwaya nawa zai sha. Ƙwayar tana da ɗaci, takan sa jiri ko tashin zuciya idan ciki babu komai, shi ya sa ake cewa a ci abinci tukuna. Ba ta hana sake kamuwa, don haka ake maimaitawa.

Iyaye, idan masu rabon magani sun zo, ku ciyar da yaranku ku tura su, maza da mata, har da almajiran da ba sa cikin rajistar boko. Wanda kuma ya ga jini yau, a kai shi asibiti a gwada fitsarinsa, kada a jira rabon baɗi.