Tsargiya: Tsutsar da Ke Sauya Kama Tsakanin Yaro da Katantanwa

A ƙauyukan bakin gulbin Gagare da na Bunsuru, daga Ƙauran Namoda zuwa Zurmi da Shinkafi, har yau akwai iyayen da ke ɗaukar fitsarin jini a wurin yaro a matsayin alamar balaga. Tsargiya ce, tsutsa ke kawo ta. Theodor Bilharz ya fara ganinta a Alƙahira a 1851, amma sai a 1915 Robert Leiper ya warware hanyar da take bi, domin halittar ba ta zama da kama ɗaya.

Ƙwanta yana fita cikin fitsari. Da ya faɗa ruwa sai ya ƙyanƙyashe wata 'yar halitta mai gashi-gashi, wadda ba ruwanta da mutum, katantanwa take nema, in ba ta samu cikin yini guda ba ta mutu. A cikin katantanwar takan koma kamar 'yar jaka, ta yi ta hayayyafa ba tare da namiji ba. Bayan wata guda ko fiye, dubban 'ya'ya masu wutsiya mai baki biyu su fito, galibi da rana tsaka, daidai lokacin da yara ke wanka a tafki. Su huda fata, su yar da wutsiyar, su bi jini ta huhu zuwa hanta, can su girma su zama mace da namiji, sannan su tare a jijiyoyin mafitsara suna zuba ƙwai shekara da shekaru.

Wannan ne ya sa nake ganin rabon ƙwayar praziquantel a makarantu, duk da alherinsa, ba zai kawar da cutar shi kaɗai ba. Babbar tsutsa yake kashewa. Ƙaramar da ta shiga jiki makon jiya takan tsira, ta cikin katantanwa kuwa bai ma kai gare ta ba. Za a ce haƙa rijiyar burtsatse da gina masai sun fi ƙwaya tsada nesa ba kusa ba, balle a yankin da rashin tsaro ya hana ma'aikatan lafiya shiga ƙauyuka da dama. Gaskiya ne, shi ya sa ba a yi wasa da rabon maganin ba, yana kare mafitsara da ƙodar yaro. Sai dai yaron da ya sha yau, gobe tafkin nan zai koma, don babu wani ruwan. Lardin Yamanashi na Japan bai ayyana rabuwa da tasa tsargiyar ba sai a 1996, bayan shekaru masu yawa ana shafe magudanan gonakin shinkafa da siminti don hana katantanwa wurin zama.