Iskar Arewa da Jan Kifin Luwiziyana

Masuntan kudancin jihar Luwiziyana ta Amurka ba sa naɗe kayan aiki don sanyi ya shigo. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne ma na fi ganin motoci jaye da ƙananan jiragen ruwa tun da asuba a kan hanyar Delacroix da Hopedale, ƙauyukan masunta da ke kudu maso gabashin birnin Niyu Oliyans. Wurin fadama ce iya ganinka: ciyawa, taɓo, da ruwan zartsi inda kogin Misisipi ya gauraya da teku. Abin da kowa ya fito nema shi ne jan kifi, mai launin tagulla da baƙin ɗigo a gindin wutsiya, sai kuma wani siriri mai roɗi-roɗi a baya.

Wani dattijo da nake bi cikin jirginsa ba ya tambayar ƙarfe nawa teku za ta cika. Cika da janyewar teku a nan ba su cika wuce ƙafa ɗaya ba. Iska yake saurare. Idan iskar arewa mai sanyi ta taso ta kwana tana kaɗawa, sai ta kore ruwan fadamar zuwa teku, a wayi gari inda jirgi ya bi jiya ya zama fili na laka. Kifi kuwa jikinsa yana bin sanyin ruwa, don haka sai ya gangara inda zurfi yake, ya taru a can ya lafe. Duk wanda ya taɓa zuwa su bayan damina, lokacin da ruwan fadama ya ja baya ya bar kifi a kududdufi, ya san yadda abin yake.

A irin wannan rana gaggawa ba ta da amfani. Jatan lande, wanda shi ne babban abincin kifin, ya riga ya fice zuwa teku tun kaka, kuma sanyi ya kashe wa kifin jiki. Sai a ɗaura ɗan kifin roba a ƙugiya mai nauyin dalma, a jefa, a bari ya nutse har ƙasa, a riƙa jan sa kaɗan-kaɗan. Dattijon yakan ce mini, "Yaro, in kana ganin a hankali kake ja, to ƙara sassautawa." Bayan kwana biyu, idan iska ta kwanta, al'amarin yakan juya. Baƙin taɓo ya sha rana ya yi ɗumi, jan kifi ya hauro cikin ruwan da bai kai gwiwa ba yana tonon ƙaguwa. Ruwan hunturu ya fi na bazara haske saboda gansakuka ta ragu, har kana iya hango kifin kafin ka jefa masa ƙugiya. Ni dai wannan ne lokacin da na fi so, ko da yatsu sun ƙage.

Da yawa daga cikin wuraren masu zurfi ba halitta ba ne. Kamfanonin mai da iskar gas ne suka haƙa su a ƙarnin da ya wuce don shigar da injunansu. Masunci yana murna da su a hunturu, alhali suna cikin abubuwan da ke shigo da ruwan gishiri yana kashe ciyawa. Tsakanin 1932 da 2016 jihar ta yi asarar ƙasar gaɓa da ta kai kimanin murabba'in mil 2,000.

Taruwa a wuri mai zurfi ma ba kullum take ceton kifi ba. Sanyin Disambar 1989 ya hallaka kifi mai yawa a gaɓar jihar, na Fabrairun 2021 kuma ya kashe kimanin miliyan 3.8 a maƙwabciyarta Tekisas. Sai kuma hannun ɗan Adam. A shekarun 1980 wani shahararren kuku na Niyu Oliyans, Paul Prudhomme, ya fito da gashin jan kifi da yaji a kaskon ƙarfe mai tsananin zafi. Abin ya karɓu a duk faɗin Amurka, masu manyan taru suka far wa kifin, har sai da aka hana kama shi don sayarwa a Luwiziyana.

A 2024 Luwiziyana ta rage adadin da mutum ɗaya zai ɗauka a rana daga 5 zuwa 4, kuma sai mai tsawon inci 18 zuwa 27. Na ji masu gunaguni a bakin tasha, amma ban ga laifin dokar ba. Wanda ya haura inci 27 shi ne ya isa fita teku ya yi ƙwai, kuma a ranar da iskar arewa ta tara su a rami ɗaya, jirage kaɗan sun isa su kwashe abin da ke ciki kafin azahar.