Jirgin Ƙasa, Duwatsu, da Hotunan da Suka Rage Mana

Jirgin ƙasa bai taɓa zuwa Sakkwato ba. Hanyar dogo da ta taso daga Zariya ta bi ta Funtuwa da Gusau, ta tsaya a Ƙauran Namoda a shekarar 1929, nan ne iyakarta. Saboda haka yaron da aka haifa a Mabera yana iya girma bai taɓa jin kukan jirgi ba, bai kuwa taɓa ganin dutsen da hazo ke rufe kansa da safe ba. Amma da yawa cikinmu da ke zaune a unguwar nan, iyayenmu daga ƙasar duwatsu suka fito, waɗansu kuwa jirgi ne ya kawo su har Gusau, suka ƙarasa a mota. To, yaya za mu nuna wa 'ya'yanmu wannan? Sai ta wurin hoto da takarda. Don haka ya kamata mu san yadda hotunan nan suka samu, da wanda ya ɗauke su, da abin da ya bari a waje.

Bari mu fara daga nesa. A shekarar 1871 wani mai zane, Thomas Moran, ya bi masu binciken ƙasa zuwa Yellowstone cikin duwatsun Amurka. Wani attajiri mai hannu a kamfanin jirgin ƙasa na Northern Pacific ya taimaka masa da guzuri. Gani ya kori ji. Da 'yan majalisa suka ga zanensa da hotunan da abokin tafiyarsa William Henry Jackson ya ɗauko, sai suka keɓe wurin a 1872 ya zama gandun ƙasa. Suka kuma sayi babban zanen Moran dala 10,000.

Haka ya faru a Kanada. Kamfanin Canadian Pacific ya gama shimfiɗa dogo ta cikin duwatsu a 1885, a shekarar kuma aka keɓe Banff. Kamfanin ya gina babban masauki a can a 1888, yana ba masu zane tikiti kyauta domin su zana duwatsun, mutane su gani su yi marmarin tafiya. Zanen yana da kyau ƙwarai. Amma ku duba sanannen hoton da aka ɗauka ranar da aka buga ƙusa ta ƙarshe, 7 ga Nuwamba 1885. Dubban leburori 'yan Sin ne suka fasa duwatsun nan, da yawa suka mutu a wurin, ko ɗaya ba ya cikin hoton. 'Yan asalin ƙasar kuwa, da aka hana su farauta a gandun, ba safai ake ganinsu cikin zanen ba.

Yanzu mu komo gida. Ƙasar duwatsu tamu ita ce Filato, inda garin Jos ke zaune a kan tudu mai tsayin wajen ƙafa 4,000, duwatsun Shere kuma suna bisansa. Abin da ya kai jirgi can ba yawon buɗe ido ba ne, kuza ce. Da fari a kai ake ɗaukar kuzar, a yi kwana da kwanaki ana tafiya da ƙafa. Sai Turawa suka shimfiɗa wata 'yar siririyar hanyar dogo daga Zariya, faɗinta ƙafa 2 da inci 6 kaɗai, suka sa mata suna Bauchi Light Railway, ko da yake ba ta je garin Bauci ba. Ta kai Rahama a 1912, ta hau dutse ta isa Jos da Bukuru a 1914, tsawonta mil 143. A 1927 babbar hanya ta iso Jos ta Kafanchan, sai ƙaramar ta fara rasa kaya, har aka rufe ta a 1957.

Da hanya ta buɗe, sai baƙi suka biyo ta. Turawan gwamnati da zafin Kano da Sakkwato ya gajiyar da su sukan hau Jos shan iska, su sauka a Hill Station. Ma'aikatan mishan kuma suna da gidan hutu a Miango. Su ne masu na'urar ɗaukar hoto a zamanin. Suka ɗauki duwatsu masu hawa kan juna kamar na Riyom, da magangarar ruwa, da tashar jirgi, suka aika wa danginsu a Ingila da Kanada.

Su wa suka rage a waje? Mutanen Birom da Irigwe da maƙwabtansu, waɗanda gonakinsu suka zama ramummuka. Da leburorin da aka kwaso daga lardunan Arewa, aka sa su aikin tilas a ramin kuza daga 1942 zuwa 1944, lokacin yaƙin Hitila, sanyin Filato da cuta suka kashe da dama. In sun fito cikin hoto ma, ba a rubuta sunansu ba. Kakan wani ne, amma ba mai iya cewa na wane ne.

Duk da haka akwai wuraren da suka riƙe mana abin da ya saura. Gidan kayan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa aka buɗe a 1952, nan aka ajiye siffofin yumɓu na Nok da masu haƙar kuza suka tono, aka kuma ajiye tsofaffin kawunan ƙaramin jirgin nan. A Kaduna akwai gidan adana takardun gwamnati, da Gidan Arewa da aka kafa a 1970. A nan Sakkwato muna da gidan tarihi na Waziri Junaidu. A 2011 gidan adana takardu na Ingila ya sa dubban tsofaffin hotunan Afirka a intanet, ya roƙi jama'a su taimaka su faɗi ko su wane ne a ciki. Kun ga, har manyan gidaje sun rasa sunayen.

To, 'yan'uwa, gidan tarihin da ya fi kusa da mu shi ne adakar da ke ƙarƙashin gado. A ciki akwai hoton Baba da kayan aikin reluwe, ko na Mama a bakin dutsen ƙauyensu, ko wani tsohon tikiti. Zafin Sakkwato yana kashe launin hoto, gara kuwa ba ta san tarihi ba. Mu fito da su tun tsofaffinmu suna da rai. Mu zauna da su da maraice, yara suna kusa, a tambaya: wane ne wannan, ina ne nan, wace shekara? A rubuta amsar a bayan hoton da fensir, gama tawadar biro takan huda ta ɓata fuska. A sa su cikin ambulan, nesa da laima da rana. Mai waya kuma ya ɗauki hoton kowanne ya aika wa dangi, domin in ɗaya ya ɓace wani ya ragu.

Waiwaye adon tafiya ne. Masu jirgi sun zana duwatsu sun manta da mutane. Mu kam mun san sunayen namu, sai mu rubuta su.