In Zuciya Ta Ɓata Kiɗa

Mu ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, wajen gindin babban yatsa. Mun ji abu yana harbawa? Bugun zuciya ke nan. Ga babba wanda ke zaune a huce, takan buga sau 60 zuwa 100 a minti guda, bi da bi kamar lugude.

Ta wani kuwa takan rikice. Ta yi sauri, ta dakata, ta sake zabura. Sai ya ji faɗuwar gaba, da jiri, da haki ko bai taɓa fartanya ba. Ba iska ba ce, ba kuwa sammu ba. Sau da yawa hawan jini ne, ko tsufa.

Ga inda hatsarin yake. In zuciya ba ta buga sosai ba, jini yakan kwanta a cikinta ya daskare. In gudan jinin ya tafi ƙwaƙwalwa, sai ɓarin jiki ya shanye.

To, wanda aka auna a asibitin Anka, ko Gummi, ko Bukkuyum, aka ba shi magani, ya sha kullum ko ya ji sauƙi. In an tura shi Gusau ko Sakkwato, ya je. Ya rage gishiri da kanwa, ya bar taba. Goro ma, in yana tayar masa da ita, ya haƙura.

Wani akan ba shi maganin tsinka jini. Shi kam kada ya je wanzami ya yi masa ƙaho, don jininsa ba ya tsayawa da wuri. Kada kuma ya sayi ƙwayoyi wurin 'yan talla.

In muka ga bakinsa ya karkace, ko hannu ya mutu, mu kai shi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.