MUTANEN DA KE BAYAN JARUMI A MAJIGI

Duk wanda ya kalli majigi idonsa kan jarumi yake. Amma da za a kwashe mutanen da ke bayansa, watau masu ciniki a kasuwa, da dogarai, da almajiran da ke zaune a zaure, to da jarumin ya zama tamkar mai magana shi kaɗai a kango. Waɗannan su ne 'yan cika taro, mutanen da ba su furta ko kalma ɗaya, kuma ba safai akan rubuta sunayensu a ƙarshen fim ba.

Zariya na da tsohuwar alaƙa da wannan sha'ani. A nan ne Dokta Rupert East ya shirya gasar rubuta littattafan Hausa a 1933, wadda ta fito da Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, sa'an nan Adamu Halilu ya mai da shi fim a 1976, Umaru Ladan ɗin ne kuma ya fito a matsayin Shaihu. Fim ɗin ya ɓace shekaru da dama, har aka gano faifansa a 2016, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Wanda ya kalle shi yau zai ga cewa ayarin fatake da taron almajirai sun zama tarihi na biyu a cikin labarin, gama ga yadda mutanenmu ke naɗa rawani, da zama, da gaisuwa, kusan shekara hamsin da suka wuce.

Aikin kansa ba shi da sauƙi kamar yadda ake zato. Idan labarin na zamanin da ne, sai a fara da tuɓe agogo, da tabarau, da takalmin roba, a kashe wayar hannu. A ce wa mutum ya yi ciniki, amma da motsa baki kawai, domin na'urar ɗaukar magana ta jarumi ce. Kada ya dubi kyamara, wannan shi ne babban laifi. In an ce a sake, sai ya koma daidai inda ya tashi, da tulun a kan kafaɗar da yake ɗazu, ko da sau goma ne. In ba a gama ba, gobe ya dawo da rigar nan ɗin, ba wata ba. Mafi yawan yinin kuwa jira ne a rana, ana gyara haske.

Birnin Zazzau, a ganina, ba ya bukatar a koya wa mutanensa taro. Wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fada ranar hawan Sallah ya san haka: ga dawaki da kayan adonsu, ga masu algaita, ga jama'ar da ta san inda ake tsayawa da yadda ake jinjina. Matsalar ita ce wurin. Ganuwa ta zaizaye a wurare da yawa, bulo da kwano sun maye gurbin soraye, wayoyin lantarki sun ratsa lunguna daga Ƙofar Doka har Ƙofar Gayan. Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina ma an kewaye shi da sabon gini. Saboda haka mai ɗaukar hoto kan matso da kyamara kusa, ya cika fage da mutane, rigunansu su rufe abin da ba a so a gani.

To, me ake ba su? A nan galibi babu yarjejeniya a rubuce, sai abin da aka yi alkawari da baki, wani ma ganin fuskarsa a talabijin ya ishe shi. A Amurka kuwa 'yan cika taro suna cikin ƙungiyar 'yan wasa, kuma a yajin aikin da ƙungiyar ta yi a 2023, har kwana 118, ɗaya daga cikin abubuwan da aka ja daga a kai shi ne kada kamfani ya ɗauki siffar mutum da kwamfuta ya riƙa cika taro da ita ba da izninsa ba, ba kuma tare da biya ba. Ya kamata masu shirya fina-finan Hausa da ke shigowa birni su riƙa rubuta sunan kowa da ladansa tun da safe, gaban mai unguwa, kafin a kunna kyamara.