Tsadar Mai Da Ƙarancin Ruwa: Wace Matata Ce Ta Dace Da Tafkin Iyo A Kudancin Kaduna?

Zonkwa, Jihar Kaduna: Duk wanda ya gina tafkin iyo a gidansa ko a masaukin baƙi, a nan Zonkwa, hedkwatar ƙaramar hukumar Zangon Kataf, ko a Kafanchan, zai tarar cewa kuɗin gini somin taɓi ne. Babbar ɗawainiya ita ce tace ruwan, domin ƙurar hunturu kan turbuɗe shi da rani, da damina kuwa laka da ganyaye su kwararo, gansakuka ta biyo baya.

Matata iri uku ce ake amfani da ita, ana kuma bambanta su da ƙanƙantar dattin da kowace ke iya kamawa. Ma'aunin shi ne maikron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita.

Ta farko ita ce mai yashi, wadda ke kama dattin da ya kai maikron 20 zuwa 40. Ita ce mafi sauƙin kuɗi da sha'ani, yashinta kan yi shekara uku zuwa biyar kafin a sauya shi. Ana wanke ta ne ta hanyar juya ruwa baya ya kwashe dattin ya zubar. A nan matsalarta take, domin kowane wanki kan ci ɗaruruwan litoci, abin da ba ƙaramar asara ba ce ga mai dogaro da rijiyar burtsatse a watan Maris.

Ta biyu ita ce katirij, wani ƙyalle ne na roba mai ninki-ninki da ke kama maikron 10 zuwa 20. Ciro shi ake yi a fesa masa ruwa da tiyo, saboda haka ba ta ɓarnar ruwa, ba ta kuma wahalar da injin famfo. Sai dai daga ƙasashen waje ake shigo da shi, kuma tun da aka saki Naira a kasuwar canji cikin Yunin 2023 farashin irin waɗannan kaya ya yi tashin gwauron zabo.

Ta uku tana aiki da farin garin dayatomait, wanda ya samu daga ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa na zamanin da. Ita ce ta fi tacewa, har maikron 5 ko ƙasa da haka, amma ta fi tsada, bayan kowane wanki kuma sai an ƙara gari, shaƙar ƙurarsa kuwa na cutar da huhu. Abin lura shi ne akwai wannan ma'adini a yankin Bularafa na Jihar Yobe, wanda masu zuba jari za su iya dubawa.

Kowace aka zaɓa, agogon matsin ruwa ne jagora: idan alluransa ta haura da maki 8 zuwa 10 a kan inda take lokacin da matatar ke da tsabta, wanki ya zo. Haka nan famfo na bukatar kimanin awa takwas kullum, abin da ya zama jidali ga mai janareto tun bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023. Tacewa kuma ba ta kashe ƙwayoyin cuta, tilas a haɗa da kulorin.

Ke nan mai wadataccen ruwa da ƙaramin jari ya riƙe mai yashi, wanda rijiyarsa ke janyewa da rani kuwa katirij ce za ta fisshe shi. Wanda ya dubi kuɗin saye kaɗai bai lissafa na mai da ruwa ba, zai gane cewa araha ba ta ado.