Ryogoku, unguwar ƴan kokawar sumo a birnin Tokyo

Duk wanda ya sauka daga jirgin ƙasa a tashar Ryogoku, a gabashin birnin Tokyo, ba ya buƙatar a gaya masa inda ya zo. A bangon tashar an rataye manyan hotunan zakarun kokawa, ga kuma shatin tafin hannuwansu da matafiya ke tsayawa su gwada da nasu. Kafin ya fita waje ma yana iya yin kiciɓis da ƙaton saurayi cikin doguwar rigar gargajiya, gashinsa a ɗaure a tsakar ka yana ƙamshin mai, yana jiran jirgi kamar kowa. Nan ce cibiyar sumo, kokawar gargajiyar Japan, kuma unguwar ba ta da girman da za ta gagari mai tafiya a ƙafa daga safiya zuwa la'asar.

Yawancin baƙi babban zauren kokawa suke nufa kai-tsaye, tun da yana dab da tashar. Amma mai son sanin yadda aka yi sumo ta yi gida a nan, gara ya fara yin kudu, tafiyar mintoci kaɗan a titin da aka jera wa ƙananan mutum-mutumin ƴan kokawa, har zuwa Ekoin, wani wurin bautar mabiya addinin Buddha.

Asalin wurin makoki ne. A shekarar 1657, lokacin da ake kiran Tokyo da sunan Edo, gobara ta cinye fiye da rabin birnin, ana kuma ƙiyasta cewa mutanen da suka mutu sun kai dubu 100. Da yawansu sun gudo har bakin kogin Sumida suka rasa hanyar tsallakewa. Hukuma ta sa aka binne gawarwakin da ba a gane danginsu ba a wannan fili, aka gina Ekoin domin yi musu addu'a, sannan aka gina gada a kan kogin. Da yake gadar ta haɗa larduna biyu, Musashi da Shimosa, sai aka kira ta Ryogoku, wato "ƙasashe biyu", unguwar kuma ta gaji sunan.

Gada ta jawo jama'a, jama'a suka jawo kasuwa da masu wasanni. A wancan zamani akan shirya sumo a harabar wuraren bauta domin tara kuɗin gini da gyara. An fara karawa a Ekoin a 1768, daga 1833 kuma ya zama matattarar gasar ta dindindin, sau biyu a shekara, a fili ba rufi, ruwan sama na iya tsayar da wasa. Haka aka ci gaba har 1909, lokacin da aka gina zaure na farko mai rufi a nan harabar. Wancan gini babu shi yanzu, sai da'irar da aka zana a farfajiyar benayen da suka maye gurbinsa, daidai inda fagen yake. A cikin Ekoin kuma akwai wani babban dutse mai suna Chikarazuka, da aka kafa domin tunawa da ƴan kokawar da suka shuɗe.

Daga nan sai lungunan unguwa, inda ainihin rayuwar sumo take. Ɗan kokawa ba ya zaman kansa. Dole ya kasance ɗan wani gida, abin da suke kira heya, ƙarƙashin maigida wanda shi ma tsohon ɗan kokawa ne. A faɗin ƙasar gidajen sun ɗan haura 40, kuma tsofaffi masu suna irin su Dewanoumi da Kasugano da Tokitsukaze duk a Ryogoku suke. Daga waje ba su da bambanci da gidajen maƙwabta, sai allon katako mai ɗauke da sunan gidan, da ƙarar haɗuwar jiki da jiki da ake jiyowa da sassafe.

Ƙanana ne ke fara tashi tun asuba su shiga atisaye, ba tare da sun sa komai a ciki ba. Manya sai rana ta ɗaga suke fitowa. Idan an gama, babba ne zai fara wanka, shi zai fara cin abinci, ƙaramin na tsaye yana yi masa hidima, sai abin da ya rage ya ci. Rukuni shida ne a sumo, kuma ƴan rukuni biyu na sama kaɗai, mutum 70, ke karɓar albashin wata. Ragowar ɗaruruwan suna kwana ne a ɗaki ɗaya, su yi shara da girki da wanki, a ba su ɗan kuɗin kashewa. Hatta sutura tana nuna matsayi: na ƙasa ko da sanyi rigar auduga marar kauri yake sawa da takalmin katako. An kuma hana ƴan kokawa tuƙa mota, shi ya sa ake ganinsu a kan keke ko cikin jirgi. Rayuwa ce mai tsanani, kuma samarin Japan masu yarda su shige ta sai raguwa suke yi.

Wasu gidajen na barin baƙi su kalli atisaye, galibi sai an nemi izini tun da wuri. Mai kallo zai zauna a ƙasa shiru, ba magana, ba ci, ba kuma miƙe ƙafa ta fuskanci fage.

Zauren da ake amfani da shi yanzu, Kokugikan, an buɗe shi a 1985, yana ɗaukar mutane kimanin dubu 11. Daga cikin manyan gasanni shida na shekara, uku a nan ake yin su, a Janairu da Mayu da Satumba, kowace kwana 15. Sauran ukun na biranen Osaka da Nagoya da Fukuoka ne. A kwanakin gasa ana kafa dogayen tutoci masu launi ɗauke da sunayen ƴan kokawa, ana kuma buga ganga daga kan wata hasumiya safe da yamma. Ƙanana ke buɗe fage da safe kujeru duk wayam, manya kuma su rufe da misalin ƙarfe shida na yamma. Idan ba lokacin gasa ba ne, akwai ƙaramin gidan tarihin sumo a cikin ginin.

Wanda ya saba kallon gasar takobi a Nijar zai ga abubuwan da ya sani: ganga, kirarin mai kiran suna, da doguwar harara kafin a kama. Bambancin yana cikin doka. Fagen sumo da'ira ce ta yumɓu mai faɗin mita 4.55, an kewaye ta da dammunan karan shinkafa, kuma ba sai an kai mutum ƙasa ba, ture shi waje ma kaye ne. Shi ya sa nauyi ke da daraja, karawa da yawa kuma ba sa wuce daƙiƙu kaɗan. Gishirin da suke watsawa na tsarkake fage ne bisa al'adar addinin Shinto, kuma har yau ba a yarda mace ta taka shi ba, lamarin da ke jawo muhawara a cikin Japan kanta. Ɗan kokawar Nijar jiharsa yake wakilta, na sumo kuwa gidansa, kuma ba a haɗa ƴan gida ɗaya sai idan sun yi kunnen doki a neman kofi.

Baƙi sun daɗe da shiga wannan fage. Akebono, haifaffen Hawai, shi ne baƙo na farko da ya kai matsayin yokozuna, ƙololuwar sumo, a 1993, Hakuho ɗan Mongoliya kuma ya ci kofi sau 45, abin da ba wanda ya taɓa yi. Daga Afirka an sami Osunaarashi ɗan Masar, Musulmi, wanda ya kai rukunin farko, ya kuma sha yin gasa yana azumin Ramadan.

Yunwa ba ta kama mutum a Ryogoku. Abincin ƴan kokawa, chanko, romo ne da ake dafawa a babbar tukunya da nama ko kifi da ganyaye, a ci da shinkafa mai yawa sannan a kwanta barci, da haka jiki ke ƙaruwa. Tsofaffin ƴan wasa da dama sun buɗe gidajen sayar da shi a unguwar. A lokacin gasa an fi son na kaza, wai don tana tsayawa da ƙafa biyu, dabba mai ƙafa huɗu kuwa kamar wanda ya dafa ƙasa ne. Musulmi dai ya tambaya kafin ya ci, domin ana yin wani da naman alade, ana kuma sa giyar shinkafa a romon.

Arewa da zauren akwai lambun Yokoamicho, inda wuta ta rutsa da kimanin mutane dubu 38 da suka fake a filin bayan girgizar ƙasar 1923. Ginin da ke tsakiyarsa na ajiye da tokar gawarwakinsu, tare da ta waɗanda ruwan bama-baman Amurka ya kashe a 1945. Gabas kaɗan, a tsakanin gidajen jama'a, akwai ƙaramin wurin bautar Nomi no Sukune, mutumin da tatsuniyar Japan ta ce shi ya fara sumo. Duk sabon yokozuna yana zuwa nan ya yi bikin taka ƙasa, kuma a harabar akwai duwatsun da aka sassaƙa sunayensu a jere. Na 75 shi ne Onosato, wanda ya sami matsayin a 2025.